Wai da gaske agogo zai iya tura saƙo ta cikin jikin mutum?

Sadiq_Gangare:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana lantarki na gidan nan. Wani abokin aikina ya kafe wai yanzu akwai agogon hannu da iyafis da ba ruwansu da Bluetooth, ta cikin jikin mai su suke tura wa juna saƙo, fatarka da namanka su ne wayar. Wai kuma saboda haka batirinsu ba ya saurin mutuwa. Ni dai na ce masa zancen teburin mai shayi ne. Amma in gaskiya ne ina so, don nawa agogon kullum a caji yake kwana, ranar da aka ɗauke wuta kuwa ado kawai nake yi da shi. Da gaske ne? Kuma ba ya illa?

ƊanKeke_FarinGada:
Wa'alaikumussalam. In dai jiki waya ne a zo a jona ni, in riƙa yi wa fasinja caji ina ƙara kuɗin mota.

MaiGyara_Terminus:
Sadiq kana da gaskiya. Aikina ke nan, kullum ina buɗe agoguna da iyafis, na Legas da na Kano da waɗanda ake odarsu kai tsaye daga China. Ban taɓa cin karo da wanda ba Bluetooth ne a cikinsa ba. Abokinka ya kawo nasa shago mu kwance mu gani.

Dung_Bukuru:
Oga MaiGyara, rashin ganinsa a shago bai nuna ba zai yiwu ba fa. Ni wayarin gida nake yi, kuma kullum jikina nake sawa a hanyar wuta. Tastar da muke duba soket da ita, ka zura bakinta a wuta ka gani, 'yar fitilar nan ba za ta kama ba sai ka ɗora yatsa a kan ƙarfen gindinta. Me ya sa? Wata 'yar wuta ce ke bi ta cikin tastar, ta shiga yatsanka, ta wuce ƙasa. An rage mata ƙarfi sosai a ciki shi ya sa ba ka ji. Haka in ina haɗa sifikokin cocinmu, da na taɓa bakin wayar makirfo da hannu sai sifika ta fara ƙugi. Jikina ne ya kwaso kaɗawar wutar ginin, sau 50 a daƙiƙa, ya miƙa wa amfilifaya. To in jiki zai kai ƙugi ai zai kai saƙo.

Injiniya_Bala:
Dung ya riga ya faɗi rabin amsar. Abin ba sabo ba ne ma. Wani ɗalibi mai suna Thomas Zimmerman ya yi aikin digirinsa na biyu a kai a jami'ar MIT ta Amurka a 1995, daga nan ya koma kamfanin IBM. A 1996 suka nuna shi a bajekolin kwamfuta a Las Vegas: mutum biyu kowa da 'yar na'ura a jikinsa, suna yin musabaha sai bayanan katin ɗaya, suna da adireshi da lambar waya, su bayyana a wurin ɗayan. Bit 2,400 (bit shi ne ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, 0 ko 1) yake turawa a daƙiƙa, wato rubutu kawai zai ɗauka, ba hoto ba.

Zancen batir kuma ga inda yake. Bluetooth yana aiki ne a kan 2.4 GHz, wato igiyarsa tana kaɗawa sau biliyan 2.4 a daƙiƙa, kuma ruwa yana shanye igiyar da ke wannan mataki. Jikin babba kuwa kusan kashi 60 cikin 100 ruwa ne, ruwan ma mai gishiri. Shi ya sa in waya tana aljihun baya na hagu, iyafis yana kunnen dama, ka juya kai a fili inda ba bango, wani lokaci sai waƙa ta yanke. Jikinka ne ya tare hanya. Sannan Bluetooth ba ya san inda mai karɓa yake, ko'ina yake watsawa har wajen mita 10, alhali wayar da ake nufi ba ta kai mita 1 daga agogon ba. Duk abin da ya tafi iska wutar batir ce aka zubar.

Sai masu bincike suka ce, tunda wannan ruwan gishirin yana tare igiya mai saurin kaɗawa amma yana ɗaukar lantarki mai kaɗawa a hankali, a sauko ƙasa mana a bi ta cikinsa. Hanya biyu aka fi sani. A ta farko na'urar tana ɗan ɗaga ƙarfin lantarkin jikin gaba ɗaya ta sauke, ta ɗaga ta sauke, na'urar da ke ɗaya hannun ko a kunne tana jin wannan hawa da sauka ta karanta shi a matsayin 0 da 1. Wannan ba sai ƙarfe ya taɓa fata ba, ko ta kan riga yana yi. A ta biyu ƙarafa biyu ake mannawa a fata, 'yar wuta ta fita daga ɗaya ta koma ɗayan ta cikin nama, wasu ƙarafa biyu a gaba su tsinci abin da ya yaɗu. Ta biyun ba ta nisa, an fi son ta ga na'urorin da ake dasawa a cikin jiki.

Sadiq_Gangare:
Tabɗi. Injiniya na gode. Amma 1996 fa ka ce. Lokacin ko GSM ba ta zo Najeriya ba. In abin kirki ne me ya hana shi fitowa kasuwa duk tsawon shekarun nan?

Injiniya_Bala:
An yi ta gwadawa ƙanena. Microsoft ta yi rajistar mallakar wata dabara ta tura wuta da bayanai ta jiki a 2004. Kamfanin sadarwar Japan, NTT, ya fito da nasa a 2005 da sunan RedTacton, har da misalin ƙofar da za ta buɗe in mai izini ya kama hannunta. A 2012 ƙungiyar IEEE mai tsara ƙa'idojin sadarwa ta fitar da ƙa'ida mai lamba 802.15.6, a ciki aka ware wa aika saƙo ta jiki 21 MHz, wato kaɗawa sau miliyan 21 a daƙiƙa. Amma jiki ba wayar tagulla ba ne da za ka auna yau gobe ka same shi yadda yake. Ka ɗaga hannu ƙarfin siginar ya canza, ka jingina da ƙofar ƙarfe ya canza, ka shiga mota ya canza. Ƙugin da Dung ya faɗa ma matsala ne, don jiki yana kwaso hayaniyar caja da fitilu da komai. Ana cikin wannan fama sai Bluetooth mai ƙarancin cin wuta ya fito a 2010, ga araha, ga shi a cikin kowace waya. Wa zai ƙera agogon da ba wayar da za ta ji maganarsa?

MaiGyara_Terminus:
Yauwa, ashe dai ba ya kasuwa. Kuma ni inda ban yarda ba shi ne a ce wannan zai magance wa Sadiq matsalar caji. Ku zo ku ga agogo a kan teburina in na jona shi da mita. Da fuskar ta kunna allura take tashi. Sai koriyar fitilar nan ta baya mai auna bugun zuciya, sai GPS ga masu shi, sai jijjiga in saƙo ya shigo. Bluetooth yana ci, amma ba shi ne babban ɓarawon ba. Ga kuma batirin agogunan dubu goma-goman nan, abin da aka rubuta a kwali daban, abin da ke ciki daban. Wani in ka ɓare shi sai ka tarar da batir ɗan mitsitsi an liƙe shi da gam a kusurwa, sauran wurin iska ce.

Zee_Rikkos:
Yaya MaiGyara a kan agogo mai fuska kana da hujja, amma ba a nan masu binciken suka sa ido ba. Mu a aji mun karanta aikin Farfesa Shreyas Sen na jami'ar Purdue. A 2019 shi da ɗalibansa suka nuna cewa in aka sauko da kaɗawar ƙasa sosai, siginar tana maƙalewa a jiki, da ka matsa kamar santimita 15 daga mutum ba ka tsintar ta. Daga baya suka kafa kamfani, Ixana, suna kiran fasahar Wi-R, kuma su da bakinsu suna cewa wutar da take ci wajen tura bayani ta gaza ta Bluetooth kusan sau 100. Maganar mai talla ce, na sani. Amma ka ɗauki abin da ba shi da fuska sam: zobe, ko filastar da ke auna zuciya, ko tabarau mai kyamara da ke tura hoto zuwa waya ba tsayawa. Irin waɗannan rediyon ne yake cinye batir.

Akwai ma wani gwaji da ya ba ni dariya. A jami'ar Washington a 2016 sun yi amfani da wurin ɗora yatsa na waya, wanda muke buɗe ta da shi, suka tura lambar sirri ta cikin jiki zuwa ɗaya hannun. Bit 25 kacal a daƙiƙa, amma ya isa a buɗe ƙofa da shi.

BabanYara_Dilimi:
Ni duk bayaninku wuri ɗaya ya tsaya min, wajen musabahar nan. Ku yara kun manta abin da ya faru a Abuja a 2023? Mutum ya gaisa da wani, sai a ji ihu wai an sace masa mazakuta, kafin 'yan sanda su zo an yi wa bawan Allah jina-jina, a je asibiti likita ya ce komai na nan. Wannan fa babu wata na'ura a tsakani. To ranar da aka ji cewa da gaske hannu yana ɗauke wani abu daga hannu, wa zai sake miƙa wa baƙo hannu a tasha?

ƊanKeke_FarinGada:
Baba ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Mutum uku a baya, ɗaya a gefena, kowa kafaɗarsa a jikin kowa tun daga Farin Gada har Terminus. Ke nan kafin mu sauka na san hawan jinin kowa.

Ummu_Khalil:
Ba wasa ba, ni ma abin da na yi tunani ke nan. Sahun sallah fa? Kafaɗa da kafaɗa, ƙafa da ƙafa. Zee ta ce santimita 15, to a sahu ko santimita 1 babu.

Injiniya_Bala:
Hajiya tambayarki a kan hanya take. E, in jiki ya taɓa jiki siginar tana iya tsallakawa, ai da haka musabahar 1996 ta yi aiki. Amma tsallakawa daban, karantawa daban. Sai na kusa da ke yana ɗauke da na'urar da ke sauraren irin wannan siginar, kuma sai in an tura bayanin a buɗe ba a kulle shi da lambar sirri ba. Yanzu haka Bluetooth ɗin kowa a masallaci yana ratsa sahu biyar, kullewar ce ta hana a karanta. Bambancin kawai, mai son satar na Bluetooth zai iya zama a mota a waje, mai son satar na jiki sai ya zo ya manne da ke. Baba kuma, ba abin da ke fita daga jikin wanda bai ɗaura komai ba. Na'ura ce ke magana da na'ura.

BabanYara_Dilimi:
Injiniya ni na gane. Masu duka a tasha ne ba za su tsaya jin wannan ba. Lokacin korona ba ga yadda aka yi da 5G ba.

Sista_Rakiya:
Ku bar agogo da musabaha, a ɓangarenmu na jinya abin ya riga ya shiga jikin mutane. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata na'urar daidaita bugun zuciya ta kamfanin Abbott, AVEIR DR. Tsohuwar irin, batir ake dasawa a ƙarƙashin fatar ƙirji, a zura wayoyi ta jijiya zuwa zuciya, kuma wayoyin nan su ne suka fi kawo matsala, su karye ko su jawo ƙwayar cuta. Wannan sabuwar guda biyu ce ƙanana, ɗaya a ɗakin sama na dama na zuciya, ɗaya a na ƙasa, babu waya a tsakaninsu. Dole su san abin da juna ke yi a kowane bugu, to ta cikin jinin suke tura wa juna 'yar sigina. Ku lissafa, zuciya tana bugawa wajen sau 100,000 a rana, kuma batirin shekaru ake so ya yi, don ba a ciro shi a sa a caji. A nan ne rage cin wuta yake da ma'ana ta gaske.

Akwai kuma ƙwayar magani. A 2017 aka amince da Abilify MyCite, maganin taɓin hankali ne da aka sa wa wani ɗan abu kamar ƙwayar yashi a ciki. In an haɗiye, ya isa ciki, sai ya tura sigina ta cikin jiki zuwa filastar da aka manna a haƙarƙari, filastar ta gaya wa waya an sha magani ƙarfe kaza.

Sadiq_Gangare:
Anti to batirin ƙwayar fa? Mutum ya haɗiyi batir?

Malam_Tanimu:
Bari malamin kimiyya ya shigo nan. Babu batir a ciki Sadiq, cikinka ne yake zama batirin. An sa tagulla a gefe ɗaya, maganiziyam a ɗaya gefen, da ruwan ciki ya jiƙa su sai wuta ta tashi na ɗan lokaci. Gwajin da nake yi wa 'yan aji ke nan da dankalin Turawa: in soke ƙusa mai rufin zinki a gefe, guntun wayar tagulla a gefe, in ɗora mita, sai yara su ga ta nuna kusan bolt 1. In na jera huɗu ko biyar har 'yar fitila suke kunnawa. Kullum sai wani yaro ya tambaya ko za a iya cin dankalin bayan an gama. Ba a ci.

Dung_Bukuru:
Malam a tsadar dankalin bana ka koma gwaji da lemun tsami.

Lauya_Hauwa:
Ni ƙwayar nan ce ta tayar min da hankali, ba sahu ba. Wa yake ganin cewa an sha ko ba a sha ba? A can sun ce sai majinyaci ya ba da izini. To a gidajenmu izinin wa ake nema? Matar da mijinta ya saya mata waya, shi ya san lambar buɗewa, ko dattijon da 'ya'yansa ke riƙe da komai nasa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, amma kamfani da asibiti take kamawa, ba ta shiga tsakar gida. Kuma ku lura, ko saƙon ya bi ta jiki ko ta iska, ƙarshensa waya yake zuwa, daga waya ya hau intanet. Mita 1 na farko kawai aka tsare.

Sista_Rakiya:
Barista haka ne, sai dai ki zo ki ga ɗaya ɓangaren. Dattijo mai hawan jini zai rantse miki yana shan magani, ki buɗe ledarsa ki ga katin wata biyu ko rabi bai ci ba, ga shi an kawo shi ɓarin jiki ya shanye. Da 'yarsa ta sani tun makon farko da ba a kai nan ba. Ita ƙwayar ma ba ta yi kasuwa ba, tsada ta yi mata yawa, kamfanin da ya ƙera abin cikinta, Proteus, ya durƙushe a 2020.

Zee_Rikkos:
Kan zancen tsaro, mita 1 ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne in na'urar a zuciya take. Dick Cheney, tsohon mataimakin shugaban Amurka, likitansa ya sa an kashe rediyon na'urar da aka dasa masa a 2007 don tsoron kada wani ya yi mata kutse daga nesa. A 2017 kuma sai da aka kira masu na'urar zuciya kusan 465,000 a Amurka su je a sabunta musu manhaja saboda irin wannan ɓaraka.

Ummu_Khalil:
Har yanzu ba wanda ya amsa wa Sadiq tambayarsa ta biyu. Illa fa? Mai ciki za ta iya ɗaurawa?

Injiniya_Bala:
Wutar da ake magana ba ta kai inda jiki zai ji ba, nesa ba kusa ba. Mutum yana fara jin wutar gida ne a wajen miliamp 1, waɗannan kuwa sun gaza haka sosai, kuma akwai iyakar da hukumomin duniya suka gindaya. Sikelin nan na zamani mai faɗin yawan kitse, wanda ake hawa ba takalmi, wuta yake turawa ta ƙafa ɗaya ta fito ta ɗaya. Amma ki duba takardarsa, za ki ga an hana mai na'urar zuciya hawa. Don haka ni ba zan ce kowa da kowa ba. Mai ciki da mai dashe a jiki, likitansu ne zai faɗa.

Dung_Bukuru:
Wani abu ya faɗo min. An gwada abin nan a gari irin namu kuwa? A hunturun Jos fata takan bushe har ta yi fari, ka taɓa ƙofar mota ta ja ka. Ni na san busasshen hannu da jiƙaƙƙe ba ɗaya suke ba a wurin wuta.

Sista_Rakiya:
Dung kamar ka sani. Watan Disamba da Janairu in za mu ɗauki hoton bugun zuciya sai mun goge ƙirjin mutum da auduga da sifirit tukuna. Wani ya sha basilin tun daga wuya har ƙafa, abin mannawar ya ƙi zama, layin ya yi ta rawa a takarda.

Injiniya_Bala:
Irin ta biyu da na faɗa, mai ƙarafa a fata, bushewa da mai za su dame ta. Ta farkon ba ta damu sosai ba tunda ko ta kan riga tana wucewa. Ita abin da ke kewaye da mutum ne damuwarta.

Sadiq_Gangare:
To yanzu me zan ce wa abokin nawa gobe? Ya ci ko na ci?

MaiGyara_Terminus:
Ka ce masa ya nuna maka inda ake sayarwa. Kai kuma ka shiga saitin agogonka ka kashe fuskar da ke kwana a kunne, ka rage haske, ka mayar da awon zuciya duk bayan minti 10 maimakon kowane lokaci, ka hana saƙonnin guruf shiga. In bai ƙara maka kwana ba ka kawo in duba batirin.

Zee_Rikkos:
A'a Yaya, Sadiq cewa ya yi babu abin sam, zancen mai shayi ne. Abokinsa ya ci. Wurin sayarwa wata magana ce daban.

BabanYara_Dilimi:
Shi abokin ai cewa ya yi akwai agogo da iyafis yanzu. Sista zuciya da ƙwaya ta kawo, ba ta kawo agogo ba.

ƊanKeke_FarinGada:
Injiniya ba ka amsa min tawa ba fa. Keke ƙarfe ne gaba ɗaya, kuma ka ce in an shiga mota ƙarfin yana canzawa. Ƙaruwa yake yi ko raguwa?